Makokin Mawaƙin Bakin Teku

Mijina bai iya ruwa ba. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya ji irin waƙoƙin da yake saurare zai ɗauka a cikin kwalekwale aka haife shi. A garin da ya tashi sai an ƙulla igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwan rijiya, kuma har ya tsufa ko a bahon wanka ba ya yarda ruwa ya wuce masa idon sawu. Amma shi ne ya yi shekara da shekaru yana bin wani Bature mai gita, wanda ba shi da zance sai na teku da jirgin ruwa da rairayi da zaman kashe wando a inuwar kwakwa.

A motar aiki ya tsince shi. Lokacin muna haya a unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa, a wani ɗan ƙaramin gida da ɗalibai suka sa a tsakiya, shi kuma yana tuƙa babbar mota yana kai kujeru da gadaje garuruwa. Direban da ya riƙe motar kafin shi ya manta kaset a ciki. Mijina mutum ne da ba ya yar da kayan wani, sai ya bar shi a inda ya gan shi, wata rana hanya ta yi masa tsawo ya danna. Shi ke nan. Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma waya, mawaƙin nan yana biye da mu kamar ɗan haya da ya ƙi tashi.

Ni ban ga abin so ba. Muryar ba wata murya ba ce, kamar mutum ya ci ya ƙoshi ya kishingiɗa yana ba ka labari. Ga wata ganga ta ƙarfe da ake bugawa a bayansa, sautinta kamar yara na ƙwanƙwasa kwanon sha. Wata rana na kasa haƙuri na tare shi.

“Malam, ka san abin da mutumin nan yake faɗa kuwa? Giya yake yabo, da lalaci. Kai da ko lemo aka ba ka sai ka juya kwalbar ka karanta abin da ke ciki.”

“Madam,” ya ce, “ni ba maganarsa nake ji ba. Ki saurari muryar. Duk ƙasar nan shi kaɗai ne ba ya sauri.”

Shi kaɗai ke ce mini Madam. Ya fara ne da tsokana ranar da na samu aikina na farko na sayo jakar hannu, sunan kuma ya zauna. Mutanen masallaci Hajiya suke ce mini, yaran mutane Anti, 'yarmu ɗaya tilo Mama. Madam tasa ce, kuma ko faɗa muke yi idan ya faɗe ta na san ya sauko.

Sau ɗaya muka taɓa zuwa bakin tekun da ake ta yi masa waƙar. Tafiyar 'yan awoyi ce daga nan. Ya sa wata riga mai furanni da ya sayo a gwanjo, ya ɗora hularsa ta zanna a kai, bai cire safa ba. Ya shimfiɗa darduma can nesa da ruwa, inda ko igiyar ruwa ta haukace ba za ta iso shi ba, ya zauna yana kallo yana gyaɗa kai. 'Yarmu ta yi ta jan hannunsa, ya ce mata daga nan ma yana gani sarai. Muka ci shinkafar da na zubo a kula, muka yi la'asar a kan rairayi, ya ce a tattara, gobe yana da kaya zuwa wata jiha. Iyakar hutun da na taɓa ganin ya yi ke nan.

Ni kuwa aikina a gidan kula da tsofaffi ne. Na yi wa iyayen mutane wanka, na ba su abinci a baki, na ga yadda 'ya'yansu ke shigowa da furanni su fita suna share ido a wajen ajiye motoci saboda uwa ta tambaye su ko su waye. Don haka da abin ya fara a gidana ban buƙaci likita ya faɗa mini sunansa ba. Mun riga mun bar Glenwood a lokacin, mun sayi gida a McLeansville, inda maƙwabci mafi kusa sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, bayan gidan kuma fili ne har iyakar gani. Mijina ya fara yin la'asar sau biyu. Ya fara gaishe ni da safe gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gida. Wata Juma'a ya fita masallaci, sai ga waya daga wani ɗalibi: wai ga wani dattijo a ƙofar gidansu a Glenwood yana tambayar abin da suke yi a falonsa.

Abokinsa ne ya je ya ɗauko shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, tare suka yi tuƙi tun zuwansu ƙasar nan. Ba fasto ba ne, mai tsaron ƙofa ne kawai a cocinsu ranar Lahadi, amma mijina ya laƙaba masa Fasto, shi kuma yana ce masa Malam, kuma ban taɓa ganin sun haɗu sun rabu ba tare da ɗaya ya ja ɗaya da tsokana ba. Ranar da ya dawo mini da shi bai yi tsokana ba. Ya miƙa mini makullin motar ya ce, “Hajiya, ki ɓoye wannan.”

Ciwon mantuwa ba ya gaggawa, amma ba ya mayar da abin da ya ɗauka. Turanci ne ya fara barinsa. Ya koma Hausa zalla, Hausar ma irin ta ƙauyensu, da kalmomin da ni kaina rabona da su tun ina yarinya. 'Yarmu, da tun tana ƙarama ake yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, ita ta fara rasa uba. Ta kan zo daga garin da take aiki ta zauna a gabansa tana haɗa Hausarta mai ɗingishi, shi kuma yana yi mata kallon baƙuwa mai ladabi. Daga baya abin ya iso kaina. Na zama “baiwar Allah”. Yana karɓar abinci daga hannuna ya yi godiya, yana bari in canza masa kaya, amma idonsa ba ya tsayawa a kaina. Na san hanyar nan, na raka mutane da yawa a kanta, kuma ban taɓa ganin wanda ya juyo ba.

'Yarmu ce ta kunna waƙar wata rana da yamma, ba da wata niyya ba, tana share hotuna da tarkace daga tsohuwar wayarsa. Yana zaune a baranda ta baya yana kallon fili. Gangar ƙarfen nan ta fara, sai na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Sai ya fara bin waƙar, da Turanci, kalma bayan kalma, mutumin da ya manta yadda ake cewa ruwa da Turanci. Da ta ƙare ya juyo ya dube ni, dubawa ta gaske, ya ce, “Madam, kin rame. Ba kya cin abinci ne?”

Na shiga kicin na yi kukan da na daɗe ban yi ba, na wanke fuska na dawo na ce a sake kunnawa.

Daga ranar ya zama ƙa'ida. Bayan la'asar sai in fito da shi baranda, in ajiye wayar a kan tebur, in zauna kusa da shi. Muddin mawaƙin yana waƙa, da ɗan lokaci bayan ya gama, mijina yana nan. Ya kan tambayi 'yarmu da aikinta. Ya kan ce miyar jiya gishiri ya yi yawa, ni kuma in ce wanda ba ya girki ba shi da bakin magana, ya yi dariya. Duk abin da ya faru da ni a yini sai in adana shi har lokacin: famfon da ya lalace, rasuwar da aka yi a gida, ciwon da gwiwata ke yi. Na san kafin magariba zai manta, amma a lokacin da nake faɗa mijina ne ke ji. Na rage aiki na koma na safe kawai don kada in rasa wannan lokacin. In faɗi gaskiya, shi ne kaɗai abin da ya rage mini na aure, kuma saboda shi nake tashi da safe.

Idan mutanen masallaci suka zo dubiya na kan kashe in kunna karatun Alƙur'ani. Yana saurare da natsuwa, leɓensa na motsi, jikinsa ya yi sanyi. Karatu yana kwantar masa da hankali, wannan ban musa ba, amma ba ya kawo mini shi. Wata Hajiya da ta girme ni ta shigo wata rana ba zato, ta tarar da gita na tashi a baranda. Ta ja ni gefe ta ce mutumin da ya kai wannan hali bai kamata kunnensa ya ji komai ba sai sunan Allah. Na ce mata, “Hajiya, idan kin koma gida yau Alhaji zai kira ki da sunanki. Ki bar ni da abin da ke sa nawa ya kira ni.” Ba ta sake zuwa ba, ban kuma aika a ba ta haƙuri ba.

Wata Asabar ce a ƙarshen lokacin zafi. Da safe 'yarmu ta kira.

“Mama, that singer died. Mai waƙar Baba. Please kar ki faɗa masa.”

Na ce ai ba ni da hauka. Na ajiye wayar na zauna a kicin. Ban taɓa ganin mutumin ba sai a hoton bayan faifai, ba takalmi a ƙafarsa, yana dariya kamar bai san ana biyan haya a duniya ba. Na yi shekaru ina yi masa tsaki. Amma ga shi kullum da yamma shi ke riƙo hannun mijina ya kawo mini shi, bai san yana yi ba, bai san akwai mu ba. Na ji tausayin iyalinsa. Sannan na lallashi kaina da cewa ai muryar tana cikin waya, kuma mijina ba ya karanta labarai, ba mai faɗa masa.

Bayan la'asar Fasto ya iso daga garin da yake zaune, Pleasant Garden, da ledar tumatir da kuɓewa na lambun bayan gidansa. Ya tarar da mu a baranda, waƙa na tashi, mijina yana cikin hayyacinsa. Yana ganinsa ya ce, “A'a, Fasto, yau ba a tara kuɗin baiko a coci ne aka sake ka da wuri?” Fasto ya daɗe bai ji wannan sunan daga bakinsa ba. Na ga yadda murna ta kama shi, har ledar ta kusa suɓuce masa. Na tashi na shiga ɗauko masa ruwa da lemo.

Ina fitowa da tire na ga ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban mijina, ya ɓata fuska irin ta wasan da suka saba. Na gane abin da zai yi, amma bakina bai riga nasa ba.

“Malam, ya haƙuri? Ashe mutumin naka ya riga mu gidan gaskiya.”

Yatsun mijina suka tsaya a kan gwiwarsa.

“Wa?”

“Mai waƙar nan mana, mutumin teku. Jiya jiya. Na ce bari in zo in yi maka ta'aziyya, tunda kai ne danginsa na nan.”

Da a ce da Turanci ya faɗa, ko ya faɗa kamar labari, na tabbata da ta bi iska kamar komai. Amma ya cire hula, ya durƙusa, ya yi gaisuwar da mijina ya taso yana ji tun bai san kansa ba. Mijina ya gyara zama. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, har ƙarshe. Sannan ya dube ni.

“Madam, kashe wannan abin. Ana rasuwa ana kiɗa?”

Na kashe. Wannan ne karo na ƙarshe da ya kira ni Madam.

Ya tashi ya shiga falo, ya wuce kujerarsa, ya zauna a ƙasa a kan kafet ya jingina da bango. Ya ce a miƙo masa hula da carbi. Fasto ya biyo shi yana dariyar da ba ta kai ciki ba, yana cewa, “Haba Malam, wasa nake yi, joke ne kawai.” Mijina ya ɗago ya ce masa, “Ba a wasa da mutuwa. Mun gode, Allah Ya ba da lada.”

Na raka Fasto wajen motarsa, kuma abin da na faɗa masa a tsakar gidan nan ba zan rubuta shi ba. Bai rama ba. Ya tsaya da hula a hannu yana cewa, “Allah Ya sani, Hajiya, na ga ya gane ni ne, na ɗauka ya dawo.” Na san haka ne. Sanin bai hana ni faɗa ba.

Duk da haka ban tsorata sosai ba a ranar. Mutumin da ke manta ya karya kumallo kafin in wanke kofin, ina zai riƙe wannan? Na ce gobe da safe an wuce wurin.

Da safe na same shi a kan kafet, da hula, da carbi. Ya ce mini, “Baiwar Allah, a share ƙofar gida, mutane za su zo.”

A garinsu, kamar a garinmu, idan aka yi rasuwa gida ya kan yi tsit. A rufe rediyo, a hana yara guje-guje, maza su bar kujera su sauka kan tabarma suna karɓar gaisuwa. Bayan kwana uku a yi addu'a a watse, kowa ya koma harkarsa, a hankali rediyo ya dawo. Abin da ke kawo ƙarshen makoki shi ne kwanaki su wuce, mutum kuma ya san sun wuce. Kan mijina ya riƙe rasuwar ya ƙi saki, amma ba ya riƙe kwana. Kullum ya farka, jiya aka yi ta.

Ba abin da ban gwada ba. Na ce masa ƙarya ne, mutumin yana raye, ya yi mini kallon da ake yi wa marar tarbiyya. Na kunna waƙar can ƙasa-ƙasa a kicin don ta iso shi kamar daga nesa, ya taso da kansa, mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayar wane ne ba ya tsoron Allah a gidan nan. 'Yarmu ta zo ta saƙala masa abin ji a kunne, ya fizge ya yar, ya yini bai ci abinci ba. Na fitar da shi a mota na kunna a hanya, ya nemi buɗe ƙofa muna tafiya. Likitarsa ta saurare ni da kyau, ta ce wani lokaci abin da ya zo da firgici ya kan manne, ta ce in ba shi lokaci. Na gode mata. Ni ma na sha faɗa wa 'ya'yan mutane haka a wurin aiki, na san abin da ake nufi idan an faɗa.

Haka muka zauna. Mai kawo wasiƙa idan ya ƙwanƙwasa, mijina ya ce a shigo da shi, ya yi masa godiyar zuwa. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa auna shi ta koyi durƙusawa kafin ta ɗaura masa abin awo, don in ba haka ba ba ya miƙa hannu.

Fasto ne ya kawo shawarar arba'in. Ya kira ni a waya, muryarsa kamar ta wanda ya yi jinya, ya ce tunda da al'ada aka shiga, a gwada fita da al'ada. A tara mutane, a yi sadaka, a yi addu'a, a faɗa masa a gabansa cewa an gama. Ban so in karɓi komai daga wurinsa ba. Amma ba ni da wata dabarar.

Na je na samu wani Alhaji da ke jan mu salla idan liman ba ya nan. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

“Hajiya, yanzu addu'ar arba'in za mu yi wa Bature mai waƙar giya?”

“Alhaji, ku yi wa iyayena da nasa. Ku roƙa masa sauƙi. Ni abin da nake so, idan an shafa, ku miƙe gaba ɗaya ku ce an watse, ya gani da idonsa.”

Ya ce wannan ba laifi.

Na kwana biyu ina aiki. Na yi waina da miyar taushe, na yi shinkafa, na soya kaji. Ranar Lahadi bayan azahar motoci suka cika tsakar gidan har kan ciyawa. Maza suka zauna a ƙasa suka kewaye shi, mata muna kicin da baranda. Ban taɓa ganin mijina ya natsu kamar ranar ba tun da ciwon ya fara. Ga mutanen da ya daɗe yana jira sun zo. Yana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ya kuskure ko kalma. Aka yi addu'a aka shafa. Alhaji ya ɗaga murya ya ce, “To jama'a, yau arba'in, an gama. Allah Ya jiƙan musulmi. Malam, sai a tashi a koma harka.” Suka miƙe tare. Fasto, da ya taho kai tsaye daga coci da kwat ɗinsa, shi ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujera, sannan ya naɗe kafet ɗin da kansa ya kai gareji.

Mijina ya zauna a kujera har magariba. Ya ci waina. Na sa rai, kuma sa ran nan ya fi komai yi mini ciwo daga baya. Na ce ba zan yi garaje ba, sai gobe bayan la'asar, a baranda, kamar da.

Da safe na same shi zaune a kan katakon falo, daidai inda kafet ɗin yake a da, ya jingina da bango. Ya ce a share ƙofar gida.

Duk da haka na kunna da yamma, don na riga na yi wa kaina alkawari. Ko layin farko ba a gama ba ya ce, “Wace marar kunya ce wannan?” Na kashe. Na je gareji na jawo kafet ɗin na mayar, don katako yana da sanyi, shi kuma ƙashinsa ba ƙwari.

Yanzu ni ke sauraren mawaƙin, ni kaɗai. Idan na je cefane, na kan ajiye mota can ƙarshen filin kanti, in rufe gilasai in kunna. Sai yanzu na ji abin da mijina yake ji. Mutum ne yake ba ka labarin wani wuri da ba a kiran kowa aiki, rana ba ta ƙuna, wanda ya yi kuskure ma dariya ake yi a wuce. Ban yarda akwai wurin ba, ina jin shi ma mijina bai taɓa yarda ba, amma na gane dalilin da zai sa mai tuƙa kujerun mutane daga gari zuwa gari ya so a riƙa faɗa masa. Ban san hukuncin yi wa irinsa addu'a ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san ya yi mini alherin da dangina ba su iya yi mini ba, kuma da ya mutu ya tafi da shi. Wani lokaci ina jin haushinsa kamar da gangan ya yi. Idan waƙa biyu ta wuce sai in kashe in tayar da mota, don ma'aikaciyar jinya ba ta wuce lokacinta.

Sanyi ya zo ya wuce, itatuwan bayan gida suka sake ganye. Mijina ya ƙara ƙanƙancewa, maganarsa ta ragu, amma zaman bai fasa ba. Ni ma na saba. Idan na shigo ta ƙofar gaba da mayafi, ya kan ɗauka mai gaisuwa ce, ni kuma na daina gardama. Na kan ajiye kaya in durƙusa in yi masa ya haƙuri, ya amsa, sannan in wuce. Ya fi sauƙi a gare mu duka.

Wata Laraba na dawo daga kanti na yi sallama, ya amsa. Na durƙusa.

“Malam, ya haƙuri?”

“Haƙuri ya zama dole. An gode.”

Na daɗe ban ji ya ambaci mawaƙin ba, ko teku, ko wani abu da ya shafe shi. Sai na ji ina so in san ko har yanzu shi yake yi wa zaman.

“Malam, wai wa ya rasu ne?”

Ya dube ni da mamakin wadda ta zo gaisuwa ba ta san wanda ya mutu ba. Sannan ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

“Iyalina ce,” ya ce. “Na duba ko'ina ban gan ta ba.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Gwiwata ta fara ciwo. Yana jira, don akwai abin da ake faɗa a nan, kuma ban faɗa ba tukuna.

“Allah Ya jiƙanta,” na ce. “Allah Ya sa ta huta.”

“Amin, amin.” Ya share ido da bayan hannu. “Akwai ta da faɗa. Amma kin ji yadda gidan ya yi shiru.”

Na ce na ji.

“Mun gode, baiwar Allah. Allah Ya ba da lada. A gaida gida.”

Na ce gida zai ji. Na miƙe na sa takalmina, na fita ta ƙofar da na shigo, na ja ta a hankali. Na zagaya ta bayan gida na shiga ta ƙofar kicin, na ɗora masa ruwan tuwo.